Ka ajiye wasannin Carlsen tukuna, ka koma gaban Baba tela

Wani ƙaninmu daga Aboabo nan Kumasi, mai koyon kanikanci a Suame Magazine, ya turo min saƙo mai tsawo, bari in taƙaita. Ya ce shekara guda kenan da son wasan ces (chess) ya kama shi, ya yi watanni yana haddar buɗin wasa irin na manyan duniya, musamman Najdorf, yana kallon wasannin Magnus Carlsen, tsohon zakaran duniya, a YouTube har bandil ɗinsa ya ƙare kafin wata ya raba, amma retin ɗinsa, wato makin auna ƙarfin ɗan wasa, a shafin wasan ces na Lichess ya maƙale wajen 1300 ya ƙi gaba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne wani dattijo tela mai shago kusa da bes ɗinsu na ataya, wanda bai san sunan buɗi ko ɗaya ba, amma duk ranar da suka zauna sai ya cinye shi a gaban abokai, har ana masa tsiya ana kiransa giranmasta. A gida kuma ƙannensa sun daina wasa da shi don cikin minti biyar yake gamawa da su. Ya haɗo da wasa ɗaya da suka buga da dattijon, sannan ya rufe da cewa, "Yaya, ko dai kaina ne ba na ces ba? In haƙura in koma dami kawai?"

Ƙanina, kanka ƙalau yake, don Allah kar ka sake faɗin wannan maganar. Mutumin da zai wuni ƙarƙashin mota ya dawo gida a gajiye ya zauna ya haddace motsi goma sha biyar na Najdorf ba wanda ya koya masa, ba za a ce ba shi da kai ba. Matsalarka ɗaya ce kuma tana da magani. Wasannin da kake karantawa na mutanen da ƙarfinsu ya zo ɗaya ne, kuma dukkansu sun wuce irin kuskuren da ake yi a bes ɗinku tun suna yara, alhali kai kullum da masu kuskure kake zama, kai ma kana yi. Abin da ya kamata ka sa a gaba yanzu shi ne wasannin da gwani ya haɗu da wanda bai kai shi ba, domin a nan ne zaka ga kuskure a fili, ka kuma ga yadda ake hukunta shi nan take.

Mu ɗauki wasan da ka turo da kanka. Baba yana da fari, ya tura soja e4 (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa), kai ka amsa da c5 kamar yadda ka haddace. A haddarka abin da ke biyo baya doki f3 ne sannan d4, ta nan ake bi a isa Najdorf. To Baba bai san da wannan ba, ya fito da bishof c4. Kai ka ci gaba da d6 kamar ba abin da ya canza. Ya fito da sarauniya h5. Kai ka sa doki f6, saboda a haddar can dokin yake zuwa, kuma ka ga ai yana kai wa sarauniyar hari. Sai kawai ta ɗauke sojan f7 da cek, wato hari kan sarki, bishof yana tsare mata baya, dole sarkinka ya fito d7 ya fara yawo a tsakar fili tun motsi na huɗu, soja ya tafi, damar yin kasul, wato ɓoye sarki a gefe tare da ruk, ta tafi. Ka gani ko, a wannan wasan ba Najdorf aka ci ba, ko zuwa wurin ma ba a yi ba. Hannunka yana buga abin da ke cikin kanka, idonka kuma ba ya kan allo. Bishof a c4 da sarauniya a h5 gida ɗaya suke kallo, f7, gidan da sarki kaɗai ke gadi a farkon wasa, kuma da ka tsaya daƙiƙa goma ka tambayi kanka me Baba yake nema da wannan motsin da ka gani da idonka. Tun a motsi na biyu soja e6 ya isa ya toshe wa bishof ɗin hanya, daga baya ka kore shi da d5, in kuma ya fito da sarauniyar bayan haka sai dokin f6 ya kore ta, kai kana fito da kayanka shi yana komawa baya. Fito da sarauniya da wuri ba wasa mai kyau ba ne, wannan gaskiya ne kowane mai koyarwa zai gaya maka, amma rashin kyan nasa ba ya aiki shi kaɗai, sai in wanda ke zaune a gaban allon ya san abin da zai yi da shi. Kai ba a taɓa nuna maka ba.

Kuma ba za ka gani a bidiyon da kake kallo ba. A 2018 a Landan Carlsen da Fabiano Caruana suka kara a gasar kambun duniya, ɗaya retin 2835 ɗaya 2832, wasa 12 suka buga duka 12 canjaras, sai da aka koma wasan sauri kafin Carlsen ya yi nasara. Wasanni ne masu kyau wallahi, ni ma ina jin daɗin kallonsu, amma abin da ke cikinsu a ɓoye yake. Barazanar da aka yi da kariyar da aka yi duk a cikin kawunansu suka faru, ba su sauko kan allo ba. Kai sai ka ga an matsar da ruk gida ɗaya ka rasa dalili, dalilin kuwa wani rami ne can gaba bayan motsi takwas wanda ɗaya ya haƙa ɗayan ya hango ya kauce, kuma tunda ba wanda ya faɗa ciki, kai mai kallo ba za ka taɓa sanin akwai shi ba. Kai da kake Magazine ka fi ni sanin wannan, ba a jikin sabuwar mota mai lafiya ka koyi aiki ba, wadda aka jawo tana hayaƙi ita ce mastanka ya buɗe ya nuna maka abin da ya lalace da abin da ya jawo lalacewar.

Saboda haka bari in ba ka wasa ɗaya ka fara da shi. A 1858 a birnin Faris na Faransa, Paul Morphy ɗan Amurka, yana da shekara 21, ya buga da wasu manyan sarauta biyu, Duke na Brunswick da Count Isouard, su biyun suna shawara suna riƙe da baƙi, a cikin gidan wasan waƙe. Motsi 17 kacal. Morphy e4, su e5, shi doki f3, su d6, shi d4, su bishof g4. Nan matsalarsu ta fara, domin da ya ci e5 dole suka ba da bishof ɗin a kan dokin f3 don kar su yi asarar soja, sarauniyar Morphy ta rama, sai ya zama abu ɗaya tilo da suka fito da shi ya bar allo, shi kuma sarauniyarsa ta fito kyauta. Suka ci e5, ya sa bishof c4 yana barazanar cekmet a f7, gidan nan dai da Baba ya kama ka. Suka tare da doki f6. Ya kai sarauniya b3, yanzu tana kallon f7 da b7 lokaci guda. Suka sa sarauniyarsu e7, to ta kare, amma ta tsaya a ƙofar bishof ɗinsu na f8 ta toshe shi, shi kuma ya toshe ruk ɗin h8.

A nan nake so ka tsaya ka daɗe. Sojan b7 yana nan a banza, da ni da kai da duk 'yan bes ɗinku hannunmu zai yi ƙaiƙayin ɗauka. Morphy bai ɗauka ba, don in ya ɗauka za su ba da cek a b4 a yi musayar sarauniya harin ya mutu. Ya fito da ɗayan dokin c3. Suka tura c6, ya fito da bishof g5 ya ɗaure dokinsu. Ka ƙirga a wannan lokacin, shi kusan duk kayansa suna waje suna aiki, su kuma rabin nasu suna gida ba su motsa ba. Da suka tura b5 don su kori bishof, sai ya ba da doki a kan sojan, suka ci, bishof ya ci da cek, suka tare da doki d7, ya yi kasul ta dogon ɓangare ruk ya sauka d1 kai tsaye a kan dokin da ke ɗaure. Suka kawo ruk d8, ya ba da ruk ɗinsa a d7, suka ci, ya kawo ɗayan ruk ɗin d1. Suka matsar da sarauniya e6, bishof ya ci d7 da cek, doki ya rama, sai ya ba da sarauniya sukutum a b8, doki ya cinye ta, ruk ya sauka d8 cekmet. Ka dubi allon a ƙarshe, Morphy bishof ɗaya da ruk ɗaya suka rage masa ban da sojoji, su kuma suna da sarauniya da doki da bishof da ruk, amma bishof ɗin f8 da ruk ɗin h8 tun da aka jera su ba su taka ko gida ɗaya ba.

Ka jera wannan wasan a kan allo na gaske, ba a waya ba, ka rubuta motsin a takarda ka rufe na Morphy da hannu, kowane motsi ka canka da kanka kafin ka buɗe. Inda naka ya bambanta da nasa ka tsaya ka nemi dalili. Bayan haka ka juya allon ka zauna a wajen baƙi, ka nemo daidai inda da kai ne za ka yi daban. Wannan juyawar ita ce mutane suke tsallakewa, kowa yana son ya zama Morphy, alhali kuskuren waɗancan biyun shi ne irin namu na kullum, fito da abu ɗaya a yi musayarsa, toshe kayanka da kayanka, tura soja a gefe lokacin da sarki ke tsakiya.

Irin waɗannan wasannin suna da yawa kuma kyauta ne. Wasannin Morphy da yawa da waɗanda ba su kai shi ba ya buga. José Raúl Capablanca ɗan Kuba, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1921 zuwa 1927, ya sha buga wasa da mutane da yawa lokaci guda, yana zagayawa allo bayan allo, kuma nasa suna nuna wani abu daban, yadda gwani ke samun soja ɗaya kacal ya yi ta musaya a hankali har ƙarshen wasa ba hayaniya. Max Euwe ɗan Holan, zakaran duniya daga 1935 zuwa 1937, shi da Walter Meiden sun yi littafi guda a kan wannan batun kaɗai a 1963, sunansa Chess Master vs. Chess Amateur, in ka ci karo da shi wajen masu tsofaffin littattafai ko a intanet ka riƙe shi da kyau. Sannan akwai dabara mai sauƙi, a manyan gasa da ake buɗe wa kowa, tsarin da ake haɗa 'yan wasa yana sa rabin sama su haɗu da rabin ƙasa a zagayen farko, haka ma a gasar ƙasashe ta Olympiad, saboda haka ka riƙa neman wasannin zagaye na ɗaya, nan zaka ga mai 2600 da mai 2000 da buɗin zamani irin wanda kake so. Wasa a rubuce kuma ba ya cin data, ɗari ma bai kai rabin abin da bidiyo ɗaya ke sha ba.

Shi kansa Lichess ɗin da kake amfani da shi yana da wurin duba buɗi, kuma manyan kashinsa biyu ne, na manyan 'yan wasa da na jama'ar da ke buga wasa a shafin. Na tabbata na manyan kake dubawa. Ka koma na jama'a, ka zaɓi retin irin naka da wanda ya ɗan ɗara naka, ka sa e4 c5 ka ga abin da mutane suke amsawa da shi, zaka ga bishof c4 ɗin Baba yana fitowa sosai a matakinku, abin da a wajen manya da wuya ka gan shi. Wannan shi ne wasan da za a yi maka gobe, shi za ka shirya wa.

Yanzu maganar kunyar da kake ji. Akwai lissafi a kan wannan. Tsarin retin da hukumar ces ta duniya FIDE ta karɓa a 1970, wanda Arpad Elo ya ƙirƙiro, yana cewa in mutum ya fi ka maki 200 ana sa ran ya kwashe kusan 76 cikin 100 na sakamakon wasanninku, in 400 ne kusan 91 cikin 100. Baba ba shi da retin a rubuce amma shekarun da ya yi yana kallon allo ba su tafi a banza ba, in ya fi ka da 400 to cin ka tara cikin goma ba abin kunya ba ne, lissafin kenan, kuma ba ya nufin ba ka ci gaba. Lambar Lichess ma ba ɗaya take da ta FIDE ba, yawanci ta fi ta yawa, kar ka ɗora darajarka a kanta. Abokan da ke maka tsiya kuwa, ka duba cikinsu wa ke zama gaban Baba. Kai ne kake zama. Ka yi dariya tare da su ka ci gaba da jera allonka, in suka ga abin ba ya ƙona ka za su gaji.

Abin da nake so ka yi da Baba shi ne mafi muhimmanci a duk wannan amsar. Kana da abin da yara da yawa a Asawase da Sabon Zongo ba su da shi, mutumin da ya fi ka, yana kusa da gidanku, kuma yana yarda ya zauna da kai ba ko sidi. Ka daina zuwa wurinsa da niyyar ramuwa. Ka je lokacin da ba taro, bayan La'asar in aiki ya lafa masa, ka gaishe shi yadda ya kamata, in da hali ka riƙe masa goro ko ka kawo masa kofin farko na ataya, ka ce, "Baba, don Allah in mun gama ina so ka nuna min inda na ɓata." Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle dattijo. Ka sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta ka riƙa rubuta kowane motsi, naka da nasa, in an gama a mayar da kayan baya a sake bi. Watakila ba zai iya ce maka wannan sunansa kaza ba, amma zai sa yatsa a kan gida ya ce tun da ka bar nan na san ka mutu, kuma wannan yatsan ya fi maka bidiyo hamsin. Dattawa irinsa suna son a tambaye su, yawanci ba wanda ke tambaya ne. In ka tara wasa goma a littafin ka zauna ka karanta su a jere, zaka ga abu biyu ko uku ne ke ta maimaita kansu, ko barin abu ba mai gadi, ko jinkirin yin kasul, ko doki ya kama maka biyu. Su ne karatunka na wata mai zuwa.

Maganar buɗi kuma, shawarata ka ajiye Najdorf, ba har abada ba. Buɗi ne na gaske, Bobby Fischer da Garry Kasparov sun yi suna da shi, amma yana neman wanda ya riga ya iya lissafi mai zurfi, kuma ka ga da idonka a matakinku ba a ma bari ka isa wurin. In kana da fari ka buga e4, doki f3, bishof c4, ka yi kasul da wuri. In kana da baƙi ka amsa e4 da e5, ka amsa d4 da d5. Wasa a buɗe yake zuwa, kaya suna haɗuwa da wuri, kuskure yana fitowa da wuri, koyo ma haka. Haddar da kake buƙata ba ta wuce motsi biyar ko shida ba, amma kowane ɗaya ka iya faɗin dalilinsa da bakinka. Tarko biyu za a yi ta kafa maka, ka san su tun yanzu. Na farko e4 e5 sai sarauniya h5, ka kare sojanka da doki c6, in ya sa bishof c4 ka tura g6, in ta koma f3 ka sa doki f6, shi kenan ta ƙare. Na biyu in ka fito da dokinka biyu c6 da f6 shi kuma yana da doki f3 da bishof c4, zai yi tsalle g5 su taru a kan f7, kuma in ka tura d5 ya ci ka rama da doki, zai ba da doki a f7 ya jawo sarkinka waje, mutane da yawa sun mutu a nan. Hanya mafi sauƙi a yanzu, a motsi na uku ka fito da bishof c5 maimakon doki f6, sai ya zama sarauniyarka tana kallon g5, in dokin ya yi tsalle ta cinye shi kyauta.

Wasan minti ɗaya da na minti uku da kake yi a cikin trotro, motar haya, ka rage shi sosai. Hannu yake koya wa sauri, kuma saurin hannu ne ya kai ka d7. Ka buga na minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10, ko ɗaya ne a rana, kafin kowane motsi ka duba me ya yi barazana, me na bari ba gadi. In an gama kar ka yi saurin kunna injin Stockfish mai nazarin wasa, ka fara nemo kuskuren da kanka tukuna ka rubuta, sannan ka kunna ka ga ko kun yi daidai. Injin zai ba ka motsi mafi kyau amma ba zai gaya maka me ya sa idonka bai gani ba. In ka samu abokin wasa da ya fi ka da kamar maki 100 zuwa 200 ka riƙe shi, irin wannan tazarar ce za ka riƙa ci wani lokaci kana shan wuya wani lokaci, ka tambaya wajen ɗaliban Tech, jami'ar KNUST ta nan Kumasi, ko ka bibiyi sanarwar gasar da ƙungiyar ces ta Ghana ke shiryawa. Wasan yana da mutane a ƙasar nan fiye da yadda ake zato, ko a wasannin Afirka da aka yi a Akra a watan Maris na 2024 ces yana ciki.

Ƙannenka kuma, abin da Baba yake maka shi kake musu, bambancin kawai su sun gudu. Ba wanda ke son wasan da ya san ƙarshensa tun kafin a fara. A zamanin su Morphy gwani yakan cire doki ko ruk daga nasa kafin a fara don wasa ya yi daɗi, shi kansa Morphy ya buga da yawa haka. Ka cire sarauniyarka ka buga da su, ranar da suka fara cin ka ka mayar da ita ka cire ruk, daga nan doki. Su za su samu kuzari, kai kuma dole ka koyi fito da kaya da sauri da yin amfani da kowane ɗaya, don ba ka da abin ɓarnatarwa. Kuma don Allah kar ka riƙa kafa musu tarkon motsi huɗu kana murna, ba abin da ka ƙaru da shi, sai ma mugun sabo da zai bi ka gaban wanda ya fi ka. Ka buga da su wasa mai tsabta kamar da babba kake yi, in sun yi kuskure ka hukunta shi, sannan ka mayar da kayan ka nuna musu. Bayyana wa yaro ɗan shekara goma dalilin motsi zai nuna maka ko kai kanka ka fahimce shi ko hadda ce kawai.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma zan faɗa a matsayin yaya. Ka ambaci cewa mastanka ya fara ƙorafin waya a wurin aiki. Yana da gaskiya, sana'arka ita ce gaba, waya ta zauna a aljihu har a tashi. Kar kuɗi ya shiga wasan ko da wasa, ranar da aka ce a sa sidi biyar a kai ka tashi, kuma in an kira Magariba a bar allon yadda yake, kayan ba za su gudu ba. Awa ɗaya a natse da dare, rabi a kan wasan gwani da wanda bai kai shi ba, rabi a kan littafinka, ta ishe ka.

In ka samu wasa uku da Baba a rubuce ka turo min, waɗanda ya ci ka nake so ba wanda ka yi sa'a ba, kuma a gefen kowanne ka rubuta motsin da kai kake ganin nan ne ka ɓata da wanda shi Baba ya nuna da yatsa, sai mu duba tare mu ga ko wuri ɗaya kuka nuna.